Fitilun da Yaya Fusa Ta Ƙirga da Yatsa

A gidanmu mu uku ne: Yaya Fusa, sai Yaya Torao da ke bi mata, sai ni auta. Mu biyu maza teku ta cinye mana ƙuruciya, ta haɗa da gwiwoyi. Ita kuwa shekara saba'in da tara ta yi a garin da ko hamma ka yi sai ka ji gishiri a harshe, amma sau ɗaya tak ruwa ya taɓa ɗaukar nauyinta. Labarin wannan sau ɗayan nake son bayarwa. Sai dai dole in fara da gashinta, don shi ya riga ta tafiya.

Tana shekara shida Baba ya sa aka sassaƙa masa sabon jirgi. Kowane jirgi da uwarsa. Masassaƙi yakan fafe ɗan rami a gindin turken tsakiya, ya sa 'yan tsana biyu na takarda, da ƙwayar hatsi, da gashin mace, ya toshe da katako ba tare da kowa ya gani ba. Gashin yarinyar da uwarta da ubanta ke raye aka fi so. Inna ta zaunar da Fusa, ta yanko mata tsawon yatsa daga bayan kunne, aka ba ta alewa ta yi shiru. Jirgin kuwa ya zo da goshi. Duk inda Baba ya zauna da abokansa sai ya ce gashin 'yarsa ne ke kira masa jatan lande.

Jatan landen tekun Suruga ƙanana ne, jajaye-jajaye kamar kunnen jariri. Da rana suna can ƙasa inda igiya ba ta kaiwa. Rana na faɗuwa sai su taso, mu kuma mu tare su, jirgi biyu na jan taru ɗaya. Amma ba su kaɗai suke tasowa ba. Akwai ɗan kifin da ke biyo su hanya, tsawonsa bai wuce yatsa ba, idanunsa sun fi ƙarfin kansa. Ɓawonsa ba shi da riƙo. Da ya gogi taru sai ya zube duka, kifin ya iso tudu a saɓule, baƙi-baƙi kamar wanda ya faɗa garwashi. Masu karatu na ce masa kifin fitila. Mu tsirara muke ce masa. Ba mai sayensa, kuma in ya bushe a cikin jatan lande ya ɓata kwando, don haka aikin mata ne su tsince shi kafin a shanya.

Tun tana shekara tara Yaya Fusa ta shiga sahunsu. Da sassafe za ka same su a bakin kogi, an shimfiɗa baƙar raga a kan tsakuwa, an baza jatan lande har filin ya yi ja, Dutsen Fuji na tsaye a bayansu da farar hularsa. Kowace a sunkuye da tsinken cin abinci, tana ɗaga tsirara tana jefawa a gwangwani.

Wata safiya Baba ya zo duba shanya, ido ja don rashin barci. Ta ɗaga masa guda ɗaya.

"Baba, su waɗannan ɗige-ɗigen na cikinsa fa? Kamar maɓallan riga."

"Fitilu ne."

"Haba Baba."

"Na rantse miki. Can ƙasa ba rana, ba wata, kowa da wutarsa yake yawo. In muka jawo taru kusa da jirgi, sai ki ce wani ya kwaso taurari a zani."

"Wane launi?"

Baba ya dubi sama, ya dubi rigarsa ta aiki da aka rina da baba, ya girgiza kai. "Shuɗi ne. Amma ba wannan ba, ba kuma wancan ba. Babu irinsa a tudu."

"To ka tafi da ni in gani."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya har wata ta zauna a kan shanya. Baba ya dafa mata kai. "Uwar jirgi ba ta yarda da ƙafar mace ba, ke ma kin sani."

Ta sani. Amma ta juya kifin a tafin hannunta, ta bi ɗigon nan da babban yatsa daga maƙogwaro zuwa wutsiya, tana ƙirgawa a hankali. Ina jin daga ranar ba ta sake duban tsirara a matsayin shara ba.

Tana shekara goma sha biyu ta yi abin da garin nan bai manta mata ba har ta tsufa. Da la'asar, maza na cin abinci kafin fita, ta sulale ta shiga jirgin Baba, ta kwanta a ƙarƙashin tarun da aka naɗe. Ina da shekara bakwai, ina kwata, inda ake ɗaure jirage, ina kallo, na kuma yi shiru don ta yi mini alkawarin rabin alewarta. An riga an kwance igiya ɗaya lokacin da wani ya hango ɗan yatsan ƙafarta. Baba bai doke ta ba. Ya ɗauko ta kamar buhu ya ajiye a kan kwata, a gaban kowa. Ya aika gida aka kawo gishiri da giyar shinkafa. Ya durƙusa ya goge inda ta kwanta, ya zuba giya, ya watsa gishiri, ya sake gogewa, har sau uku. Gishiri in ya sauka a kan katakon jirgi yana da wani sauti, tas-tas-tas, kamar farkon ruwan sama a kan kwano. Tana tsaye tana ji.

"Baba," ta ce, "ai gashina na ciki."

Bai ɗago ba. "Gashi daban, ke daban."

Ranar jirginmu bai fita ba, haka ma jirgin da muke jan taru tare da shi. Sauran jirage suka dawo maƙil. Har kaka ta ƙare matan gida biyu ba sa amsa gaisuwarta.

Daga nan rayuwarta ta miƙe kamar ta kowace mace a garin. Ta auri Heizo mai ɗinkin taru, mutumin kirki wanda ko gadar kogi ya hau sai zuciyarsa ta tashi. Takan ce a cikin mazan garin nan kaf ta zaɓo wanda ba zai iya ba ta labarin komai ba. Ba su haihu ba. Ya mutu tana shekara hamsin, ta ci gaba da zama a ɗakinsu mai warin kwalta da igiya.

Abin da ya raba ta da sauran mata shi ne gwangwaninta. Kowa na juye tsirara wa kyanwoyi ko a gindin itacen lemo. Ita sai ta kai gida, ta wanke, ta jiƙa a ruwan gishiri, ta jera a kan faranti a inuwa. In ya sha iska sai ta gasa a garwashi. Maiƙo gare shi, yana tsartsatsi, ƙanshinsa na kaiwa layi na uku. Yara suka sa mata Goggon Tsirara, sunan ya bi ta.

"Goggo, yau ma kin kwashe mana gawa?" in ji matan shanya.

"Na kwashe. Ke da jiya kika zo da kwano ta ƙofar baya."

"Mijina ne ya aike ni!"

"To ki gaya masa kar ya wuce biyar. Na shida a wando yake fita, kuma ke za ki wanke."

Gaskiyarta ne, maiƙon kifin nan ba ya zama a ciki. Akwai manyan masunta da suka koyi haka a tsakiyar teku.

Ta san kifin yadda uwa ke sanin kan 'ya'yanta. Ita ce ta fara gaya mini cewa tsirara ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ɗigo a jere kamar ɗinki. Akwai wanda layinsa ke karyewa ya hau gefe. Akwai mai babbar fitila a gaban ido, shi take ce wa mai gadi. Tana hira, ba ta ko duba hannunta, yatsa ya bi ciki ta faɗi ko wane ne. Dubu nawa suka bi ta hannunta? Ba ta taɓa riƙe guda mai rai ba.

Ina shekara goma sha shida na hau jirgi. Baba ya riga ya sauka, Yaya Torao ne a kan sitiyari, ni aka ba ni inji. An yi sabon jirgi, masassaƙi ya ciro uwar tsohon ya mayar a cikinsa, da gashin da komai. Safiyar farko da na dawo, Yaya Fusa na jira na a bakin kwata.

"Auta, ka gani?"

A nan zan faɗi abin da na ɓoye shekara hamsin da bakwai. Ban gani ba. Zamanin Baba da 'yar fitilar mai suke aiki, duhu na zaune tare da su a cikin jirgi. Namu zamanin, da taru ya kusa sai a kunna manyan fitilun lantarki, wurin ya yi fari fat kamar ɗakin tiyata. Abin da na gani shi ne tulin jatan lande, da baƙaƙen 'yan kifi na mutsu-mutsu a ciki, da Yaya Torao na zagina in yi sauri. Amma ta tsare ni da ido, na gaji, kuma kunya ta kama ni in ce na je har can na dawo hannu wofi.

"Na gani, Yaya. Kamar taurari a zani."

"Haka Baba ya ce. Kai fa, me ka gani?"

Sai na ƙara. Na ce suna ƙiftawa. Washegari na ce in ɗaya ya kunna sai na kusa da shi ya amsa. Wata rana na ce mai gadi ne ke gaba, sauran na binsa kamar masu rakiyar amarya. Tana ji tana gyaɗa kai, tana ajiyewa. Bakina ya saba. A raina ina cewa ai sauran sun gani, ni ne dai inji ya tsare. Ban taɓa tambayar kowa ba, don namiji ba ya tambayar ɗan'uwansa ko ya ga kyan shara.

Na yi ƙoƙari ta wata hanyar. Sau uku ina ɗebo mata masu rai a bokiti. Na karo biyun farko sun mutu tun ba mu hango fitilar kwata ba, don kifin da aka saɓule wa fata ba ya daɗewa. A karo na uku na kama su da hannu a hankali, na lulluɓe bokitin da rigata, na shiga wurin inji. Da na fito na tarar Yaya Torao ya cika shi da ƙanƙara. Ba mugunta ba ce. Hannunsa ne ba ya iya ganin kifi a bokiti bai sa ƙanƙara ba. Ta leƙa ta ce, "Sun yi sabo, ba laifi," ta kai gida ta gasa.

Tana shekara sittin wata malamar jami'a ta zo garin, Dakta Irie, 'yar siririya da gilashi, tana binciken kifin fitila. Aka nuna mata gidan Goggon Tsirara. Kwana huɗu suna zaune a kan tabarma, malamar na buɗe littafi, Yaya na rufe ido tana shafa ciki tana faɗa mata, malamar na duba littafin tana riƙe baki. A rana ta biyar Dakta Irie ta kawo takarda mai hatimi, ta ce tana son fita da jirgi. Dattawa suka yi ta juya takardar. A ƙarshe suka ce ita ai ba mace ba ce, hukuma ce. A jirginmu aka sa ta.

Yaya Fusa ta sami Yaya Torao yana ɗaure igiya.

"Torao, tunda ƙofa ta buɗe, in riƙe mata jaka."

"Yaya, kar ki fara."

"Ita ba ƙafa ce da ita ba?"

"Ita baƙuwa ce. Uwar jirgi ba ta san ta ba, gobe ta tafi. Ke kuwa ta san ki."

"Ta san ni mana. Shekara nawa tana kwana da gashina?"

"In kamu ya lalace ni za a zaga, ba ke ba. Gida goma sha biyu ke ci a tarun nan."

Ya juya mata baya. Malamar ta fita da mu. Da aka jawo taru ta ɗebi nata a kwano, ta shige ƙarƙashin wani baƙin mayafi ta duƙunƙune a lungu, maza na dariya suna cewa hukuma na amai. Ta fito idonta ya yi ja. Bayan wata biyu ta aiko wa Yaya da hoton fitilun kifin a ambulan. Yaya ta duba sau ɗaya, ta kife shi a kan kantar ɗakinta. "Ta kyauta. Amma wannan wata daban ce ta gani." Shekarar kuma kamu ya ragu, aka ce ga abin da ake gudu, ƙofar ta rufu fiye da da.

Idonta ya fara tafiya tana shekara saba'in da bakwai. Ta gefe ya soma. Ta riƙa cin karo da ƙofa, tana zagin ƙofar. Da na kai ta asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan fili kamar mai leƙe ta cikin gora, shi ma yana tsukewa. Ya ce in akwai abin da take son gani, ta gan shi bana.

A jirgin ƙasa muna dawowa, muka zo inda layin dogo ke bin gaɓar teku. Ta juya kai gaba ɗaya, kamar kaza, don ta saita ɗan filin nan a kan ruwa.

"Ka ji abin da ya ce, Auta."

Na je na sami Yaya Torao, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce masa yanzu har 'yan jarida mata ake ɗauka a wasu jiragen. Ya ce wasu jiragen ba nasa ba ne. Na ce Baba ya mutu, dattawan da suka juya takarda sun mutu, shi kansa ya zama dattijon, wa yake tsoro? Ya daɗe yana kallon turken tsakiya. Sannan ya ce ya yarda, amma sai ranar ƙarshe ta kamun bazara.

"Me ya sa sai ta ƙarshe?"

"In uwar jirgi ta yi fushi, ba sauran abin da za ta ɓata."

Muna tsakiyar Afrilu a lokacin. Ranar ƙarshe na farkon Yuni. Yaya Fusa ta ce ba komai, wanda ya jira shekara saba'in. Ta sayi takalmin roba sabo, ja. Kullum da yamma takan rufe idon da ya mutu da hannu ta dubi fitilar kwata, ta ga ko tana nan.

A garinmu jirage tare suke fita, tare suke zama. Da tsakar rana shugabannin masunta ke duba iska su yanke. Ranar ƙarshen ta zo da iskar kudu, ruwa ya yi fari da kumfa, aka ɗaga jar tuta, alamar ba fita. Yaya Fusa na zaune a kan akwatin kifi da sabon takalminta tun ƙarfe goma sha ɗaya. Yaya Torao ya ce da kaka, ya rantse, ranar farko. Da kaka ta zo aka gwada taru aka ga jatan landen duk 'ya'ya ne, manyan sun ƙare. Aka rufe kamun gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba tun da na hau jirgi. Ba wanda ya kwance igiya. A cikin sanyin shekarar, wata safiya ta kira ni ta ce in kunna mata wuta. Wutar a kunne take.

Ranar farko ta bazarar da ta biyo, Yaya Torao ya zo ɗakinta da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Yaya, tashi ki sa takalminki."

"Wa nake ji kamar Torao?"

"Ni ne."

"Uwar jirgin ta huce ke nan? Ko an gaya mata makauniya ba mace ba ce?"

Ya ci gaba da murza hular. Na ɗauka za ta kore shi. Sai ta laluba ƙarƙashin kantar ɗakin ta jawo takalmin, har da takardar shago a cikinsa.

"Mu je. In gai da gashina."

Ni na riƙe hannunta ta taka katakon hawa. Matasan jirgin suka ba ta hanya. Muka zaunar da ita a gindin turken tsakiya, ta jingina bayanta da shi. Rana na faɗuwa muka fita, jirage sittin a jere. Ta ce ashe haka ƙasa ke numfashi in babu ƙasa. Ta ce iskar nan ba ta da warin garin. Ta yi amai sau ɗaya, ta ce a gaya wa Heizo ta yafe masa.

Muka ja taru kamar rabin sa'a. Da aka fara naɗowa aka kunna manyan fitilu. Ta ɗaga fuska.

"Mene ne wannan mai zafi a goshina?"

"Fitilun aiki ne, Yaya."

"A cikin wannan hasken kuke ganinsu?"

Na kau da kai na kama igiya.

"Ku kashe."

Yaya Torao ya ce ba a kashewa, igiya na tafiya, wani zai rasa yatsa. Kuma me za ta gani? Ya faɗi haka, ya ciji leɓe. Ta ce, "Na ce ku kashe. Ko ɗigo ɗaya ne, wataƙila ya samu hanya." Makunnin na wurin inji, wurina. Na jira jakar tarun ta taso tsakanin jiragen biyu, na yi wa ɗayan jirgin ihu su kashe nasu, na ja makunnin.

Da farko ba komai, duhu kawai da ƙarar ruwa. Sannan ido ya buɗe.

Baba bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi rabi ba. Ni kuwa duk abin da na ƙaga shirme ne. Ba ƙiftawa suke ba, ba jeri suke ba. Tarun gaba ɗaya ci yake da wata shuɗiyar wuta mai sanyi, tana gudu daga wannan gefe zuwa wancan kamar iska a gonar shinkafa. Ɓawon da ya zube na nitsewa a hankali yana walƙiya, ƙasa da ƙasa, har inda ido ya gaza. Can ƙarƙashin jirgi kuma waɗanda suka tsira suna komawa gida, kowa da 'yar wutarsa a ciki. Babu irin shuɗin nan a tudu. Na duba shekara shida yanzu.

Wani matashi ya ce, "Kai!" Wani ya yi dariyar tsoro. Sai muryar Yaya Torao daga kan sitiyari, ƙasa-ƙasa, kamar ta yaro:

"Dama haka yake?"

Shekara sittin yana kan ruwan nan.

Na laluba na kamo guda ɗaya na sa mata a tafin hannu. Yana motsi. Ta ja numfashi. Ta kai shi daf da idon dama har yana taɓa gashin ido, ta juya kai hagu, ta juya dama, ta nemi ɗan filin nan da ya rufe. Hasken na kwance a kan kuncinta, shuɗi, ina ganin kowace tamoji. Ta daɗe. Sannan ta sauke hannu, babban yatsa ya bi ciki daga maƙogwaro zuwa wutsiya.

"Mai gadi ne," ta ce. "Fitilarsa na ci?"

"Tana ci, Yaya."

"Torao."

"Na'am, Yaya."

"Me ka ce ɗazu?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Na ji ka. Ido ne ya tafi, kunne na nan. Shekara sittin kana bisa kansu, ba ka taɓa kashe wuta ka duba ba. Ka hana ni abin da kai ko kallonsa ba ka yi." Ta juyo inda nake. "Kai kuma, Auta. Masu rakiyar amarya."

"Yaya..."

"Yanzu ka gani. Gaya mini."

Na buɗe baki. Shekara hamsin da bakwai ina zuba mata magana ba gargada, ranar da na ga abin da idona kuwa ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Kifin ya daina motsi a hannunta, wutar ta ja baya ɗigo bayan ɗigo. Ban gaya mata ba. Ta sani, ta saba da nauyin matacce.

"Ku kunna," ta ce. "Kar wani ya rasa yatsa."

Na kunna. Tarun ya koma tulin jatan lande da baƙar shara a ciki. Muka yi lodi, ba mai duban wani. Ita ta sa kifin a aljihun rigarta.

Da muka iso kwata na riƙe ta ta sauka. Ta tsaya tana neman daidaiton ƙasa a ƙarƙashin jan takalminta. Na ce mu je gida in dafa mata shayi. Muka yi taku uku, huɗu. Sai ta tsaya cak, ta matse mini hannu.

A bayanmu, a kan katakon jirgi, daidai gindin turken tsakiya, wani abu na sauka. Tas-tas-tas, kamar farkon ruwan sama a kan kwano. Na waiwaya. Yaya Torao ne, shi kaɗai, hannu a cikin jakar gishiri. Ya jira har ya ɗauka mun yi nisa. Fuskarsa jiƙe take, amma hannun na watsawa.

"Sau nawa ya yi?" ta tambaye ni.

"Biyu."

"To mu jira na ukun. Ban son in tafi in bar masa aiki rabi."

Muka jira. Ya yi na ukun. Sannan ta saki hannuna, ta laluba bangon kwata da yatsu, ta kama hanyar gida ita kaɗai.